Amanar Murya: Jita, Amfilifaya da Kunnen Jama'a a Basunda

Jitar lantarki, muddin ba a jona ta da komai ba, kusan bebiya ce. Ka kaɗa tsirkiyarta a cikin ɗaki, wanda ke zaune a bakin ƙofa da ƙyar zai ji. Ba ta da ƙoƙo irin na gurmi ko garaya, ba ta da fatar da za ta amsa mata. Katako ne daskararre da tsirkiyoyi shida na ƙarfe, sai wasu 'yan mayun ƙarfe a ƙarƙashinsu waɗanda aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiya ta girgiza a samansu sai wata 'yar wuta ta taso a cikin wayar, wadda yawanci ba ta kai bolt guda ba. Duk gwanintar makaɗi, duk shekarun da ya yi yatsunsa suna kanta, a cikin wannan 'yar wutar suke. Ita yake danƙa wa wani akwati domin ya isar masa da ita ga jama'a.

Mun ba wannan akwati da danginsa sunaye iri-iri. Wasu su ce amfilifaya, wasu lasifika, wasu amsa-kuwwa, masu rubutu a jarida su ce na'urar ƙara sauti. A Sudan akan haɗa kayan gaba ɗaya a ce musu sawund. Sunayen duk sun karkata gefe guda, wato ƙarfi. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan akwatin a daren biki ya san ƙarfi shi ne mafi arahar abin da ake samu a wurinsa. Mai wuyar shi ne abin da ya fito ya zama shi ne abin da aka shigar, ya kai kunnen na nesa bai cutar da na kusa ba.

Basunda wuri ne da ya dace a yi wannan tunani a kansa. Gunduma ce a kudancin jihar Gadarif, a gabashin Sudan, dab da iyakar Habasha, maƙwabciyar Gallabat. Ƙasarta baƙar laka ce, mai tsagewa da rani, mai riƙe ƙafar mutum da tayar mota da damina. Riɗi da dawa su ne arzikin yankin, kuma tun tsakiyar shekarun 1940 aka soma noma da tarakta a ƙasar Gadarif. Hausawa ba baƙi ba ne a wannan jiha. Wasu kakanninsu hanyar Makka ce ta kawo su da ƙafa, suka tsaya yin noma don neman guzuri, tsayuwar ta zama zama. Wasu sun biyo ayarin da ya yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Daga baya noman riɗi ya ƙara janyo wasu. Idan kaka ta yi, an yanke riɗi, hanya ta bushe, kuɗi sun shigo hannu, sai lokacin aure ya kama. A kafa rumfa a fili, a jera kujeru, a tada janareta.

A irin wannan biki, fiyano ne sarkin kayan kiɗa a yau, domin mutum ɗaya yana iya fitar da ganga da bes da algaita daga cikinsa. Duk da haka jita tana da tsohon gurbi a kiɗan Sudan. Sharhabil Ahmad, wanda aka haifa a 1935, ake kuma yi wa laƙabi da sarkin jaz na Sudan, yana cikin waɗanda suka zaunar da jitar lantarki a tsakiyar waƙar ƙasar, kuma matarsa Zakiyya ita aka sani a matsayin mace ta farko da ta riƙe jita a matsayin sana'a a can. Abin da ya sa jita ta zauna daram shi ne waƙar Sudan bisa matakalar sauti biyar take tafiya, irin wadda kunnen Bahaushe da na Bahabashe da na Buzu suka saba da ita. Shi ya sa mawaƙin Sudan Muhammad Wardi ya samu masoya a ƙasashen da ba a jin abin da yake faɗa.

Kafin wuta ta zo, muna da mai yin aikin isar da murya ga jama'a, kuma mutum ne. A wurin raɗin suna, liman ba ya ɗaga murya. Yana faɗin sunan jariri ƙasa-ƙasa, sai sanƙira ya ɗauka ya jefa wa taro, har matan da ke cikin gida su ji su rangaɗa guɗa. Haka a wurin ɗaurin aure: waliyyi ya faɗi sadaki a hankali, maroƙi ya shelanta. Ana yaba masa da ƙarfin murya, amma ba don ita kaɗai ake ajiye shi ba. Inda zai sauya sunan, ko ya ƙara wa sadakin wani abu don ya burge, ko ya yi ihun da ba a gane abin da ya ce, da ya ci amana komai zaƙin muryarsa. Aikin amfilifaya ke nan, kuma da wannan ma'auni ya kamata a zaɓe shi, a saita shi.

Hausawan Sudan sun ga abin da na'ura mai riƙon amana take iya yi. An buɗe gidan rediyon Omdurman a 1940, kuma a farkon shekarun nan A'isha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da A'isha Falatiya, 'yar Hausawa haifaffiyar Kasala, ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a cikinsa. Ta faro ne daga waƙar gidajen biki, inda murya ba ta wuce katanga. Makirufo bai ba ta wata sabuwar murya ba, tata ya ɗauka ya kai ta gidajen da ba ta taɓa shiga ba. Ta rasu a 1974, kuma har yau ana sauraronta.

To, saurayin da ya tara kuɗin kaka ya shiga kasuwa neman amfilifaya, tambayarsa ta farko ita ce: wat nawa ne? Mai shago ma ya san da haka, shi ya sa yake fara nuna masa lambar da ke jikin kwali. Lissafin kuwa ba ya tafiya yadda zuciya ke zato. Daga wat 50 zuwa wat 100, abin da ke ƙaruwa desibel 3 ne kacal, bambancin da kunne zai lura da shi amma ba zai kira shi ninki ba. Kafin mutum ya ji kamar sauti ya ninka, sai an ninka ƙarfin wutar kusan sau goma. A fili kuma, inda babu bango ko rufin da zai maido da sauti, duk lokacin da nisa ya ninka ana asarar desibel 6. Ma'ana, babu akwati guda da zai cika dandali shi kaɗai sai ya kurmantar da sahun gaba. Dabarar da ta fi ita ce akwati matsakaici, mai wat 30 zuwa 50, wanda makaɗi zai riƙa jin kansa da shi, a sa masa makirufo a gaba, manyan lasifikoki su raba wa taro. Ko wurin ɗora makirufon yana da magana: daidai cibiyar lasifika sauti ya fi kaifi, in an matsa gefe ya fi laushi.

Nan ne kalmar ƙara take nuna fuskarta. Bahaushe bai taɓa ɗaukar ta a matsayin yabo ba. Ba a cewa mawaƙi yana da ƙara, murya ake cewa yana da ita. Ba a cewa kalangun gwani yana ƙara, sai dai a ce yana magana, ko yana da amo. Ƙara ta tsawa ce da injin niƙa da babur mai fasasshen salansa. Harshen ya riga ya raba abin da ke cika kunne da abin da ke shiga cikinsa, tun kafin a ƙera na'urar farko. Makaɗin da ya riƙe wannan rabon a ransa ba zai bar lambar jikin kwali ta yanke masa shawara ba.

Bayan wat sai irin cikin akwatin. Akwai na da, masu ƙwayayen gilashi da ke ɗaukar zafi suna ja kamar garwashi. Irinsu Leo Fender ya riƙa ƙerawa, mutumin da asalinsa mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, wanda bai ma iya kaɗa jita ba, ya kafa kamfaninsa a 1946. Su kuma Jim Marshall, makaɗin ganga mai shago a Landan, ya ƙara wa tsawa daga 1962. Masana suna son su saboda in an matsa musu ba sa fashewa farat ɗaya, sukan dushe ne a hankali cikin daɗi. Sai kuma masu tiransisto, irin Roland JC-120 da Japan ta fitar a 1975, wanda ya yi suna da sauti garau. A mujallun Turai ana ta jayayya kan wanne ya fi. A Basunda hanya ce ke yanke hukunci. Akwatin da zai kwana a bayan a-kori-kura yana tsalle a kan busasshiyar laka, ya sha ƙura, ya sha rana, gilashi ba abokin tafiyarsa ba ne, kuma in ƙwai ɗaya ya mutu samun madadinsa tafiya ce. Mai tiransisto ya fi sauƙin ɗauka, ya fi jure wuya, kuma mai gyaran rediyo na kasuwa zai iya buɗe shi ya gane kansa. Na ƙwarai a nan shi ne wanda zai kai asuba yana aiki.

Sannan wuta. Kayan an yi su ne don bolt 230, amma janaretan biki ba shi da alƙawari. Shi ke ɗauke da fitilu da firjin sanyaya ruwa da cajin wayoyin rabin unguwa. Duk lokacin da firji ya tashi, wuta ta faɗi, sautin jita ya yi laushi kamar an shaƙe shi. Sitabilaiza a nan ya fi wat ɗari na ƙari amfani. A kai janareta nesa, bayan katanga, ta inda iska ba za ta kwaso gurnaninsa zuwa rumfa ba. A kafa sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa kayan da ita, a zuba mata ruwa, domin busasshiyar laka ba ta karɓar wuta yadda ya kamata. Wannan yana rage zuuu ɗin nan da ke biyo waya, amma babban dalilinsa rai ne. Makaɗi yana riƙe da tsirkiyar ƙarfe, leɓensa kuma yana dab da makirufo. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Birtaniya, Leslie Harvey, ya mutu a kan dandamali a Swansea saboda makirufon da ba a haɗa da ƙasa ba.

Yanzu a duba akwatin kusa. La'asar ta yi sanyi, yara suna jera kujerun roba, makaɗi ya dire akwatinsa a kan tabarma, ya tsaya a gabansa. Lasifikar tana kallon ƙwaurinsa. Sauti mai kauri yana bazuwa ko'ina, amma mai kaifi miƙewa yake yi sak, ba ya lanƙwasa. Saboda haka abin da ke zuwa kunnen makaɗi dusasshe ne, sai ya sunkuya ya murɗa maɓallin kaifi, ya sake murɗawa, har ya ji ya yi masa. Kaifin da bai ji ba kuwa yana tafiya kai tsaye zuwa sahun farko, inda dattawa da iyayen amarya za su zauna, daidai tsayin kunnensu. Maganin bai kai kuɗin shayi ba: a ɗora akwatin a kan kujera, ko a sa masa bulo a gaba ya ɗan kishingiɗa ya kalli kan mai shi. Da zarar ya ji abin da jama'a ke ji, da hannunsa zai mayar da maɓallin baya.

Maɓallan nan an zana musu lambobi daga ɗaya zuwa goma, amma ba wanda ya taɓa tasowa daga cikin taro ya ce a mayar da shi shida. Abin da ake cewa shi ne: ya yi kauri da yawa, ya yi nauyi, ya yi tsami, ya cika kaifi, ba shi da gishiri, ya dushe, yanzu ya fito tar. Muna auna sauti da harshe da fata da tafin hannu, kuma kowace kalma a cikinsu tana nuna wani maɓalli takamaimai. Kauri da nauyi na maɓallin ƙasa ne. Kaifi da tsami na sama ne. Dushewa alama ce ta an rage sama fiye da kima ko tsirkiya ta tsufa. Rashin gishiri kuwa kusan kullum yana nufin an kwashe tsakiya. Mai saitin da ya iya sauraron waɗannan kalmomi yana da ma'aunin da ya fi na'ura sauri, domin jama'ar da aka yi kiɗan dominsu ne ke karanta masa shi.

Maɓallin tsakiya shi ne wanda aka fi zalunta. Makaɗi shi kaɗai a ɗaki, da sauti ƙasa-ƙasa, yakan ƙara ƙasa da sama ya rage tsakiya, sai ya ji jitar ta yi faɗi ta cika ɗakin. Yana da dalili. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa kunne ba ya kama mai kauri sosai, sai an ɗaga shi. Amma saitin ɗaki ba ya zuwa dandali. Tsirkiyar jita mafi kauri tana girgiza sau 82 a daƙiƙa, kuma a wannan yanki akwai masu gida: bes na fiyano, da ganga, da dalluka, gangar mata. Can sama kuma akwai tafi da guɗa da kacau-kacau. Jitar da ta bar tsakiya ta tafi neman wuri a ƙasa da sama, ɓacewa take yi. Makaɗi ya ji ba a jin sa, ya ƙara wuta. Mai fiyano ya ji an danne shi, shi ma ya ƙara. Mawaƙi ya fara ihu. Kafin sha biyun dare kowa yana ƙara, ba a jin kowa. Da ya rage kauri ya bar wa ganga, ya ɗan ɗaga tsakiya, da ya fito fili ba tare da ya taɓa maɓallin ƙarfi ba.

Ga Bahaushe wannan batu ya wuce na daɗin ji, domin harshenmu a kan hawa da saukar murya yake tsaye. Wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, kukan yaro da kukar miya, karin sauti ne ke raba su. Shi ya sa kalangu yake iya kiran sunan mutum ya yi masa kirari, mahauta su gane, kuma shi ya sa masu sauraron Mamman Shata suke jin makaɗansa suna amsa masa magana. Kukumar Garba Supa da kuntigin Ɗan Maraya Jos a kan wannan turba suka bi: kayan kiɗa yana faɗin abin da baki ya faɗa. Jitar da ta shigo waƙar Hausa, ko waƙar Sudan mai matakala biyar, gurbin 'yan amshi take shiga. Mawaƙi ya jefa, ita ta cafe ta maimaita. Kuma yankin da maganar ɗan Adam ke zaune shi ne tsakiyar nan. Wayar tarho ta da tana ɗaukar girgiza 300 zuwa 3,400 ne kawai a daƙiƙa, amma ana gane magana har a gane mai yin ta. Wanda ya kwashe tsakiya daga jitarsa ya cire mata harshe.

Akwai maɓalli biyu da suke kama da juna alhali aikinsu daban. Ɗaya a bakin shiga yake, yana ƙayyade yadda za a cusa wa akwatin abin da ya fito daga jita. Ɗaya a bakin fita, shi ke ƙayyade abin da zai je lasifika. In an matsa na farko, sauti yakan yi ƙura, ya yi gurnani, ya ja tsawo. Wannan ƙurar ba laifi ba ce. A Agadas an gina salo guda a kanta. Abdallah Oumbadougou da Bombino da Mdou Moctar sun fito ne daga bukukuwan da ake yi a fili da janareta, kuma sautinsu mai yashi ya zagaya duniya. Mdou, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008. Amma in ka saurare su da kyau za ka ji kowane bugu yana fita da ƙafarsa, ƙurar ba ta haɗiye shi ba. Sun zaɓe ta ne, sun san iyakarta. Wanda ya murɗe maɓallin har ƙarshe don ya ɓoye raunin yatsunsa, bugunsa mai taushi da mai ƙarfi duk sukan zama ɗaya, kiɗan ya rasa numfashi. Magabata sun ce in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa.

Haka batun kuwwa yake. A fili babu bangon da zai maido da sauti, don haka jita takan fito a bushe, kuma ɗan amsa-amo kaɗan yakan jiƙa ta. Amma mun ɗauki wata ɗabi'a, daga situdiyo har wurin wa'azi, ta buɗe kuwwa har kalma ta riƙa taka ƙafar 'yar'uwarta. A waƙar da ake ambaton sunan ango da na mahaifinsa da na kakansa, wannan asara ce, domin mutumin da aka ambata ya zo ne ya ji sunansa. Ita kuma ƙiii ɗin nan mai huda kai, da ke sa yara toshe kunne, tana tasowa ne idan makirufo ya ji abin da lasifika ta faɗa ya sake mayar mata, ita ma ta sake faɗa, abin ya yi ta zagayawa. Ba a maganinta da addu'a ko dukan akwati. A tsayar da manyan lasifikoki a gaban masu waƙa suna kallon taro, mawaƙi ya daina dunƙule kan makirufo a tafinsa, kada kuma ya nufi lasifika da shi.

Saitin la'asar ma ba ya kai dare. Kujeru wofi ba sa shan sauti, amma jikin mutane da jallabiya da lafaya suna shanye kaifi. Idan dare ya raba, ƙasa ta huce, sauti yakan yi nisa fiye da yadda ya yi da rana, ya isa gidajen da ba a gayyata ba, inda akwai mara lafiya da mai jego da wanda zai yi sammakon gona. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Dole wani daga cikin ƙungiya ya bar dandamali ya taka har bayan taro, ya tsaya gefen mata, ya tsaya gefen maza, ya dawo da labari. Wani lokaci labarin da kansa yake zuwa. Dattijo ya taso da sandarsa ya matso.

"Ɗana, sannu da aiki. Hannunka yana da daɗi, amma ka rufe mana bakin mai waƙar."

"To, Baba. A rage ne gaba ɗaya?"

"A'a, kar ka kashe wa yara rawa. Nauyin nan da ke dukan ƙirji shi za ka sassauta."

"An gama, Baba. Allah ya ƙara girma."

Dattijon bai san sunan maɓalli ko ɗaya ba, amma ya faɗi daidai wanda za a taɓa. Kunne ya girmi kaka. Makaɗin da ya ɗauki irin wannan magana a matsayin raini ya yi asarar malami.

Kunnen nan kuwa ba shi da madadi a kasuwa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa kada matsakaicin sauti a wuraren shagali ya wuce desibel 100, ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraro marar kiyayewa. Kunne ya fi saurin kamawa tsakanin girgiza 2,000 zuwa 5,000, daidai inda kaifin jita yake, kuma ƙananan gasun da ke cikinsa in sun mutu ba sa sake tsirowa. A kowane biki, su wa ke zama a gindin lasifika? Yara. Su ne ba a ba kujera, su ne ke son jin bugun a cikinsu. Mai saiti yana da hakkin ya kore su daga wurin, ko ya ɗaga lasifikar sama da kansu, kuma iyaye su goya masa baya.

Akwai wani nauyin da ya ƙaru a wannan zamani. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, jihar Gadarif ta karɓi ɗimbin mutanen da suka gudo daga Khartum, sannan daga Wad Madani da Sinnar, bayan 'yan gudun hijirar Habasha da suka tsallako tun ƙarshen 2020. A cikin taron biki yanzu akwai kunnuwan da suka kwana suna jin faɗuwar bam. Dum ɗin nan da lasifika ke yi idan an cusa waya alhali akwati yana kunne, ga wani ba komai ba ne, ga wata uwa kuwa yana iya sa ta rungume ɗanta ta nemi ƙasa. Ƙa'idar da masu sana'a suka daɗe suna bi don kare kayansu ta zama ta kare mutane: a mayar da maɓallin ƙarfi sifili kafin a jona ko a zare waya, amfilifaya ya zama na ƙarshen kunnawa kuma na farkon kashewa. Mutanen da suka rasa gida suna da hakkin su yi farin ciki ba tare da an tuna musu abin da suka baro ba.

Saboda haka nake ganin lokaci ya yi da za mu ɗauki saitin sauti a matsayin sana'a mai ladabi, kamar ƙira da jima da ɗinki, wadda ake zama gaban gwani a koya, ba aikin da ake miƙa wa duk yaron da ya iya jona waya ba. Kuma a koyar da ita da kalmomin da muke da su, kauri da kaifi da tsami da gishiri, domin da su jama'a za su yi ƙorafi, da su kuma za su yaba. Yaron da aka koya wa cewa rage kauri yana iya fito da jita fiye da ƙara wuta ya koyi abin da zai amfane shi har a zaman majalisa.

Gwajin aikin kuwa ba a daren ake yin sa ba. Washegari ne, a wurin mai shayi da bakin rijiya da kan hanyar gona. Idan mutane sun tashi kunnuwansu suna kuka, suna cewa jiya an yi ƙara, kayan sun yi aiki amma makaɗi bai yi ba. Idan kuwa ka ji yarinya tana wanke-wanke tana bin karin da jitar ta yi, ko kawun ango yana ba da labarin yadda aka ambaci mahaifinsu har ya ji kowane harafi, to mai saitin ya sauke abin da aka ɗora masa, kuma shi za a sake nema kaka mai zuwa.